Darasin Noma Da Kiwo: Farar Ciyawar Zuma

Darasin wannan wata ya shafi wata shuka ta ƙasashen sanyi. Manoman Amurka da Kanada ne suka fi yin suna wajen nomanta. Masana ilmin tsirrai suna kiranta Melilotus albus. Kalmar farko ta samo asali ne daga sunan zuma a harshen Girkawa, ta biyun kuma ma'anarta fari. Saboda haka a wannan darasi za a riƙa kiranta farar ciyawar zuma. Larabawa suna ce wa danginta handakuk.

Ba shukar ƙasar Hausa ba ce. Amma labarinta ya shafi duk mai ajiye harawa, da duk mai ɗora amya a kan bishiya. Shuka ce guda wadda take ciyar da shanu, take ba ƙudan zuma abinci, take kuma mayar wa gona ƙarfinta. Ita ce kuma ta taɓa kashe shanu masu ɗimbin yawa, saboda an ajiye ta da danshi.

Kamanninta da asalinta

Ko da yake ana ce mata ciyawa, dangin wake ce da gyaɗa. Ganyenta uku-uku yake fitowa a kan tsinke ɗaya, bakinsa da 'yan haƙora ƙanana. Tsayinta yakan kai mita 1 zuwa 2, wato takan fi mutum tsawo idan ta sami wuri mai kyau. Furenta fari ne, ƙanana ƙwarai, jere a kan dogon tsinke. Tana da 'yar'uwa mai rawayan fure, halinsu kusan ɗaya ne.

Saiwarta guda ce mai kauri, tana nutsawa ƙasa kamar ta zogale. Takan wuce mita ɗaya da rabi. Wannan saiwa ita ce sirrin shukar. Da ita take jure fari. Da ita take huda ƙasa mai tauri. Idan shukar ta mutu saiwar ta ruɓe, sai ta bar rami wanda ruwan sama zai bi ya shiga ƙasa.

Asalinta daga ƙasashen Turai da Asiya ne. Ta shiga Amurka fiye da shekara 250 da suka wuce. Da farko babu wanda ya kula da ita sai masu kiwon zuma. Manoma ciyawar banza suka ɗauke ta, wadda take fitowa a bakin hanya da gefen layin dogo. Masu zuma kuwa har watsa irinta suke yi a bakin hanyoyi, manoma suna jin haushinsu. Sai a farkon shekarun 1900 aka lura cewa gonar da ta gaji, idan wannan ciyawa ta zauna a cikinta, takan farfaɗo. Daga nan aka shiga nomanta gadan-gadan.

Yawancin irinta shekara biyu yake yi. A shekarar farko takan fitar da kara ɗaya, ta mayar da hankali ga tara abinci a saiwa. Idan hunturu ya zo dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, saman yakan mutu, saiwar tana nan da rai. Da sanyi ya wuce sai ta tofo da karare masu yawa, ta yi fure, ta yi iri, ta mutu. Akwai kuma mai shekara ɗaya. A shekarar 1916 wani malamin kwalejin aikin gona ta jihar Ayowa, mai suna H. D. Hughes, ya ga wasu tsirrai da suka yi fure a shekararsu ta farko. Aka bi diddigi aka gano irin daga jihar Alabama ya fito. Aka haɗa sunan malamin da na jihar, aka sa wa irin suna Hubam.

Yadda ake shuka ta

Ba ta da tsirfa wajen ƙasa. Tana fitowa a laka, tana fitowa a tsakuwa, tana jure ƙasa mai gishiri ko kanwa. Abu ɗaya ne ba ta so, shi ne ƙasa mai tsami. Manomin da gonarsa take da tsami sai ya zuba farar ƙasa kafin ya shuka. Ruwan sama na kimanin milimita 450 a shekara yana isarta.

Irinta ƙanana ne ƙwarai. Kilo ɗaya yana ɗauke da ƙwaya fiye da rabin miliyan. Akan shuka kilo 11 zuwa 17 a hekta ɗaya. Ba a binne shi da zurfi. Santimita 1 zuwa 2 ya isa, wato bai kai gaɓar yatsa ba. Wanda ya binne da zurfi kamar masara ba zai ga tsiro ba.

Ɓawon irin yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Saboda haka kafin a sayar akan goge shi a inji, ya ɗan kuje. Idan ba a goge ba, wani ya tsiro bana, wani baɗi, wani kuma ya kwanta a ƙasa fiye da shekara 20 kafin ya tashi.

Manoman can ba kasafai suke ware mata gona a shekarar farko ba. Tare da alkama ko sha'ir suke shuka ta. Hatsin yana sama, ita tana ƙasa tana tafiya a hankali. Idan an girbe hatsi sai ta sami rana ta tashi. Ke nan manomi bai yi asarar amfanin shekarar ba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saba tsarma wake a cikin gero.

Takin da take bari

Idan aka tuge wake ko gyaɗa, akan ga wasu ƙananan ƙuraje a jikin saiwa. Ba cuta ba ce. Gidan wasu ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka. Naitirojin kuwa shi ne abin da manomi yake saya a cikin buhun yuriya.

Farar ciyawar zuma tana da irin waɗannan ƙuraje. A gona mai kyau takan tara kilo 100 na naitirojin a hekta, wani lokaci fiye. Ga lissafi mai sauƙi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Kilo 100 ke nan ya ɗara buhu huɗu. Wanda ya san kuɗin buhu a kasuwar garinsu sai ya lissafa da kansa.

Sai dai ba duka wannan taki yake zama a gona ba idan an yanke ciyawar an kwashe. Mafi yawansa yana cikin ganye da kara. Manomin da taki yake nema, kife ta yake yi da garma tana ɗanya, ta ruɓe a ƙasa, sannan ya shuka masara ko alkama. Wanda ya yanke don dabbobi, sai ya mayar da kashinsu gona.

Wani abin lura shi ne, halittun da suke zama a saiwar wake ba su ne suke zama a saiwarta ba. Nata iri ɗaya ne da na ciyawar alfalfa. A gonar da ba a taɓa shuka ɗayansu ba, sai an sayo garin waɗannan halittu an cuɗa da iri ranar shuka. In ba haka ba shukar za ta fito rawaya, ba kuma takin da za ta bari.

Kiwo da yanka

Ganyenta yana da abincin gina jiki sosai. Busasshiyar ciyawar da aka yanka a kan kari takan ƙunshi kimanin kashi 15 cikin 100 na furotin. Amma saniyar da ba ta saba ba takan ƙi ta da farko. Dalili shi ne wani sinadari da yake cikinta mai suna kumarin. Yana da ƙamshi mai daɗi, musamman idan ganyen ya bushe, amma a baki ɗaci gare shi. Idan aka saka shanu tun tana ƙarama, bayan 'yan kwanaki sukan saba, su ci sosai. Ba a sakin shanu masu yunwa a cikinta da sassafe tana da raɓa, don gudun kumburin ciki. Akan fara ba su busasshiyar ciyawa tukuna.

Wajen yanka ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. A shekara ta biyu girmanta yana da sauri ƙwarai. Idan aka bari ta yi fure sosai, karan yakan yi kauri ya zama itace, ganyen ƙasa ya zube. Abin da za a tara ke nan tsinke ne kawai. Lokacin yanka shi ne sa'ad da fure ya ƙulla amma bai buɗe ba.

Ba kuma a yanke ta daf da ƙasa. A shekara ta biyu sabon toho daga jikin kara yake fitowa, ba daga gindi ba. Saboda haka akan bar kara mai tsawon santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya ko fiye, da 'yan idanu a jikinsa. Wanda ya aske ta ƙasa ya kashe ta.

Zumarta

A wajen masu kiwon zuma na Amurka da Kanada, kaɗan ne shuke-shuken da suka kai ta daraja. Furenta ƙarami ne, bakinsa ba zurfi, ƙudan zuma yana kaiwa ga ruwan zaƙin cikin sauƙi. Ba kuma lokaci ɗaya furen yake buɗewa ba. Na ƙasa ya buɗe, na sama ya biyo, reshe bayan reshe, har makonni da yawa. Mai rawayan fure takan riga farar da kimanin mako biyu. Inda aka shuka su biyun, kakar zuma takan yi tsawo.

Zumar fara ce, wani lokaci da ɗan ruwan kore-kore, ɗanɗanonta ba ƙarfi. Jihar Dakota ta Arewa ta yi shekaru da yawa tana gaba da sauran jihohin Amurka wajen yawan zuma, kuma wannan ciyawa tana cikin manyan dalilai. Masu zuma sukan ɗauko akwatunansu a manyan motoci daga jihohi masu nisa, su ajiye su a can lokacin furenta.

Amfanin ba na mai zuma kaɗai ba ne. Ƙuda yana ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, ta haka iri yake ƙulluwa. Gonar da babu ƙuda kusa ba ta ba da iri mai yawa. Shi ya sa mai noman iri yakan nemi mai zuma ya kawo akwatuna bakin gonarsa.

To, a nan ga tsaka mai wuya. An ce mai neman harawa ya yanka kafin fure ya buɗe. Mai neman zuma kuwa furen yake jira. Gona ɗaya ba za ta biya wa kowa buƙata a lokaci ɗaya ba. Manomin da ya yanke duka, shanunsa sun ƙoshi, ƙuda ya rasa. Wanda ya bar duka, ya sami zuma da iri, amma harawarsa ta zama itace. Abin da masu dabara suke yi shi ne raba gona. A yanke ɓangare mafi girma da wuri. A bar wani ɓangare ya yi fure, ƙuda ya sha, daga baya a girbe irin shukar baɗi. Wanda aka yanke da tsawo ma yakan sake toho ya yi ɗan fure daga baya.

Cutar zubar jini

A farkon shekarun 1920 wata cuta ta ɓulla a garken manoman Kanada da arewacin Amurka. Saniya tana cikin ƙoshin lafiya, sai a ga ta fara ɗingishi. Sai kumburi ya fito a ƙarƙashin fata, a wuya ko a cinya. In an taɓa, jini ne ya taru. Wata ta yi haɓo. Wata ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ita da ɗan maraƙin su tafi tare. An sha yi wa bijimai dandaƙa ko a yanke musu ƙaho da rana, da safe a tarar da su a mace cikin jini.

An zaci annoba ce mai yaɗuwa. Aka nemi ƙwayar cuta ba a samu ba. Wani likitan dabbobi na kwalejin Ontariyo a Kanada, mai suna Frank Schofield, shi ne ya kalli abincin. Ya lura duk garken da abin ya shafa yana cin ciyawar zuma da aka ajiye. Ya tsince kararen da suka yi fumfuna daban, masu kyau daban, ya ciyar da zomaye. Waɗanda suka ci mai kyau suka zauna lafiya. Waɗanda suka ci mai fumfuna suka kamu. Ya buga cikakken bayaninsa a 1924. Bayan 'yan shekaru wani likitan dabbobi a Dakota ta Arewa, L. M. Roderick, ya nuna cewa jinin irin waɗannan shanu ya rasa wani abu da yake sa jini ya daskare.

Ga yadda abin yake faruwa. Kumarin da yake cikin ɗanyar ciyawa ba ya hana jini daskarewa. Shanun da suke kiwo a gonarta ba sa kamuwa. Amma karanta yana da kauri, ga ruwa a ciki. Ganye yakan bushe, bayan kara ya bushe, cikinsa kuwa da sauran danshi. Idan aka ɗaure aka jibge a haka, sai fumfuna ta kama. Fumfunar ce take juya kumarin ya koma wani sinadari daban mai suna daikumarol. Shi wannan yana hana jiki amfani da bitamin K, wanda hanta take buƙata don haɗa abubuwan daskarar da jini.

Gubar ba ta kayar da dabba rana ɗaya. Sai ta yi makonni tana ci sannan alamu su fito. Wannan ne ya sa aka daɗe ba a gane ba. Haka kuma wani lokaci fumfunar tana cikin kara, ido ba ya ganinta. Gubar kuma takan zauna a cikin dami shekaru ba ta lalace ba. Shanu sun fi tumaki da dawaki kamuwa, ƙananan shanu kuma sun fi manya.

Maganin a bayyane yake: a daina ba da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Amma shekarun 1930 lokacin matsin tattalin arziki ne a Amurka. Manomin da ba shi da kuɗin sayen wata ciyawa, ga hunturu, ga shanu suna kuka, abin da yake rumbunsa shi zai ba su. Talauci ya sa mutane da yawa suka ci gaba da ba da abin da suka san yana da haɗari.

Wata Asabar a watan Fabrairu na 1933, wani manomi a jihar Wiskonsin ya gaji da mutuwar shanunsa. Ya ɗora mushen karsana a mota, da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, da tarin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ya yi tafiyar kusan kilomita 300 cikin guguwar ƙanƙara zuwa birnin Madison. Ya tarar da ofishin da ya nufa a rufe. Ƙofar da ya samu a buɗe ita ce ta ɗakin binciken wani masanin haɗa sinadarai na jami'ar, Karl Paul Link. Ba abin da Link ya iya gaya masa a ranar sai shawarar da aka sani: ya daina ba da ciyawar, a yi wa marasa lafiya ƙarin jini. Manomin ya koma gida ba tare da wani sabon magani ba.

Amma Link da ɗalibansa suka ɗauki aikin. Shekara shida suka yi suna tace ciyawa suna gwaji da zomaye. A 1939 ɗaya daga cikinsu, Harold Campbell, ya ware gubar ita kaɗai. A 1940 suka gane yadda ginin sinadarin yake, har suka iya haɗa shi da kansu. Daga nan suka yi ta haɗa danginsa. Ɗaya daga ciki, mai suna wafarin, ya fito a 1948 a matsayin maganin ɓera. Daga baya likitoci suka ga ɗan kaɗan daga cikinsa yana taimakon mutanen da jininsu yake yin guda a jijiya. A 1954 aka amince a ba mutane. A 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ya sami ciwon zuciya. Har yau ana ba da shi a asibitoci, bisa awon likita.

Magungunan ɓera da yawa na yau a kan wannan hanya suke aiki. Ɓera ya ci yau, sai bayan kwanaki ya mutu. Idan yaro ko kaza ko kare ya ci, shi ma ba za a ga komai ba a ranar. Kada iyaye su ce ai lafiyarsa lau. A kai yaro asibiti nan take, tare da takardar maganin, don likita ya san irinsa.

Yau manoman can sun san hanyoyin tsare kansu. Suna yanka da wuri, tun kara bai yi kauri ba. Suna bi ta kan ciyawar da injin da yake farfasa kara don ya bushe da sauri. Idan suna shakkar wata ciyawa, sukan kai ta a auna. Wasu sukan ba da ita kwana 7 zuwa 10, sannan su sauya da wata ciyawar na kwanaki kamar haka. Ba a ba saniyar da ta kusa haihuwa. Ba a ba bijimin da za a dandaƙe nan da mako uku. Dabbar da ta kamu kuwa, likita yakan yi mata allurar bitamin K ko ƙarin jini.

Masana sun kuma fitar da iri mai ƙarancin kumarin, kamar Polara mai farin fure da Norgold mai rawaya, dukansu daga Kanada. Sai dai a nan ƙudan zuma yakan yi ɓarna ba da saninsa ba. Yakan ɗauko garin fure daga ciyawar bakin hanya mai ɗaci ya kawo gonar iri mai kyau. Manomin da yake ajiye irin kansa shekara da shekaru, sai ya wayi gari ɗacin ya dawo.

Bayan yaƙin duniya na biyu nomanta ya ragu ƙwarai. Takin zamani ya yi araha a can, ga kuma wani ƙwaro da yake cinye ganyenta tun tana tsiro. A wasu wurare kuma, kamar bakin kogunan jihar Alaska, ta tsere daga gona ta mamaye daji, ana kashe kuɗi wajen kawar da ita.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, ko za ta yi a Kano ko Katsina ko Damagaram? Ba ruwa ne matsalar ba, domin Kano tana samun fiye da abin da take buƙata. Matsalar zafi ne da tsawon yini. Shuka ce da ta saba da sanyi. Irin mai shekara biyu kuma doguwar rana yake so kafin ya yi fure. A Dakota ta Arewa yinin watan Yuni yakan kusa awa 16. A Kano yini ba ya kai awa 13 ko da wane wata ne. A ƙasashe masu zafi inda ake noman danginta, kamar yankin Fanjab na Indiya da Pakistan inda ake ce mata senji, da hunturu ake shukawa, kuma mai shekara ɗaya ce. Saboda haka idan wani ya zo kasuwa da ƙullin iri yana cewa ga ciyawar Turawa mai yin zuma, kada manomi ya yi saurin kwance lalitarsa. Ya fara tuntuɓar malamin gona.

Dangin wake masu irin wannan aiki kuwa akwai su a nan. Ga wake da gyaɗa, waɗanda harawarsu take riƙe tumaki da shanun huɗa har faɗuwar ruwa. Ga waken lablab, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kansa. Yana yaɗo, yana daɗewa kore bayan ɗaukewar ruwa, ƙuda kuma yana ziyartar furensa. A shekarun 1980 an gwada wata dabara tare da Fulani makiyaya a kudancin jihar Kaduna. Akan killace kimanin hekta 4 a shuka ciyawar sitailo, ita ma dangin wake ce. A ajiye ta sai rani, a riƙa saka shanu masu tatsa da masu ciki awa biyu zuwa uku a rana. Masarar da aka shuka a wurin daga baya ta fi ta gonar da ba a yi haka ba.

Sannan ga gawo. Shi ma dangin wake ne, ko da yake bishiya ce. Yana zubar da ganye da damina, gero ya sami rana a ƙarƙashinsa. Yana fure bayan damina, lokacin da furanni suka fara ƙaranci, ƙuda ya samu. Da rani kuma 'ya'yansa su zubo wa awaki da tumaki. A yankin Damagaram manoma sun raya gawo masu ɗimbin yawa, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa a gona. Wanda yake sassabe ya ga ɗan gawo, ya dubi wannan kafin ya ɗaga gatari.

Tsaka mai wuyar nan ta yanka da fure tana nan a lablab ma. Mai amya kusa da gonarsa ya bar kunya biyar ko goma ba yanka, ƙuda ya sha, shi kuma ya sami iri. Mai feshin wake ya bari sai yamma lis, lokacin da ƙuda ya koma gida. Feshin safe a kan fure yana iya kashe ƙudan maƙwabci.

Harawar wake da ta gyaɗa ba su da kumarin, don haka ba sa kawo waccan cuta ta zubar jini. Amma fumfuna tana da wasu gubobin. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Gubar da aka gano a lokacin, mai suna afalatoksin, tana lalata hanta, tana kuma bi ta cikin nonon saniya ta kai ga mai sha. Tana kama gyaɗa da masara da aka ajiye da danshi.

Kafin a ɗaure harawa, a zaɓi kara mafi kauri a karya. Idan ya karye ƙas, ya bushe. Idan ya lanƙwashe, ko an murɗa an ji sanyi a hannu, a ƙara masa rana. A riƙa juyawa da safe, don ganye ba ya kakkaɓewa sosai a lokacin. Kada a jibge dami a ƙasa. A ɗora a kan rumfa ko soro ko reshen bishiya, inda iska take ratsawa. Bayan kwana uku a cusa hannu tsakiyar tarin. Idan an ji ɗumi, a warware a sake shanyawa. Damin da ya yi baƙi, ko yake tashin farar ƙura mai wari idan an girgiza, a kai shi ramin taki.